Dashen Iksora a Tsakar Gida a Ƙasar Bagwai

A cikin dashen da masu sayar da fulawa suke jerawa cikin baƙaƙen ledoji a bakin titunan Nasarawa a Kano, akwai wata mai saurin ɗaukar ido: gajeruwar itaciya mai yawan rassa tun daga gindi, ganyenta kore shar mai sheƙi, kowane reshe da curin jajayen furanni a kansa. Ita ce iksora, wadda littattafan kimiyya suke rubutawa Ixora coccinea. Asalinta daga kudancin Indiya da Sirilanka ne, inda ruwa da laima suka wadata. Mutum yakan saye ta ya riƙo a mota har Bagwai ko Kiyawa ko Gadanya, ya dasa a tsakar gida, ta yi wata biyu tana ƙawa. Daga nan ganye ya fara ɗashewa, ya koma rawaya, kafin bazara ta fita ta zama ƙirare. Sai a ce ai fulawar 'yan birni ce, ba ta yi a ƙauye.

Tana yi. Yawancin waɗanda suka mutu gata ne ya kashe su, don an ba su irin gatan da ake ba gero da dawa: rana mai yawa da takin gida mai toka. Ita kuwa wani abu daban take so.

Wace irin inuwa

A Legas ko Inugu ana dasa iksora a fili fetal, ta sha rana wuni guda, ta yi ta fure, domin iskar can a jiƙe take. A nan labarin ya sha bamban. Cikin Afrilu zafi yakan kai digiri 40, iska a bushe ƙamas, ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa za ta iya kawo masa. Saboda haka a ƙasarmu iksora 'yar inuwa ce. Sai dai ba kowace inuwa ba. In aka kai ta wuri mai duhu, za ta yi ta miƙa dogayen rassa tana neman haske, ganye ya yi kore, fure kuwa ko ɗaya. Abin da take so shi ne ranar safe ta kamar awa huɗu, daga fitowarta zuwa hantsi, sannan inuwa ta karɓe ta har la'asar sakaliya.

Wurin da ya fi ba da wannan a yawancin gidaje shi ne gabashin ɗaki. Da safe rana tana dukan wurin, da ta karkata yamma ɗakin ya tare ta. Yammacin ɗaki kuwa a guje shi, ko da ya fi kyan gani daga zaure: bango yakan ɗauki zafin azahar ya riƙa amayar da shi har bayan isha.

Akwai abin da ake mantawa game da bango. Bagwai tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka. A irin waɗannan makonni, da tsakar rana bango ba shi da inuwar kirki ta kowace fuska. Ta Agusta ba ta da matsala, hadari yana rufe ta. Ta Afrilu ce mai ƙona ganye. Wanda ya duba wuri a watan Disamba ya ga arewacin katanga da inuwa lumui wuni guda, kada ya ɗauka haka zai same shi a bazara. Dole a samu abin da zai tare ta sama: ko 'yar rumfar kara da aka jera sako-sako yadda haske zai riƙa ɗigowa, ko bishiya.

Cikin bishiyoyinmu babu kamar gawo. Ɗabi'arsa ta saɓa wa ta saura: da damina yana zubar da ganye, da rani yana fitar da sabo. Wato lokacin da iksora take son haske don ta yi girma da fure, gawo ya buɗe mata sama. Lokacin da rana ta zama wuta, ya rufe ta da inuwa marar nauyi. Saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai, ba ta cika takara da na sama ba, ganyen da yake zubarwa kuma taki ne, abin da ya sa gero yake fin kyau a gindinsa. Matsalarsa biyu: a gona ya fi zama, ba a cikin gida ba, sannan 'ya'yansa suna tara awaki. Mai garka a bayan gida wadda gawo ya faɗo cikinta ya yi sa'a, sai ya ƙarfafa shinge.

Kuka ba ta da amfani a nan, don da rani tsirara take. Darbejiya, wadda kusan kowane gida yake da ita, inuwarta ta cika kauri, saiwoyinta kuma suna bin duk inda aka zuba ruwa su shanye. In babu wani wuri sai gindinta, to a sa iksora a tukunya, a ajiye a bakin inuwar ta gabas. Haka mangwaro. Turare a nisance shi gaba ɗaya. A tsakar gida zogale ya fi dacewa: yana girma cikin damina ɗaya, inuwarsa shara-shara ce. A dai yi shawara da uwargida, kada a sassabe shi don kwaɗo a tsakiyar Afrilu.

Gabas tana da nata aibin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, wato daga ɓangaren da aka buɗe wa ranar safe. Daga Disamba zuwa Fabrairu sai a kafa guntuwar zana ko dangar kara ta wannan kusurwa, tsayinta ya ɗara na itaciyar kaɗan. Da sanyi ya wuce a cire.

Toka

Manomin ƙasar Kano ya san taki fiye da wanda zai koya masa. Gonakin nan an daɗe ana noma su shekara kan shekara ba hutu, kuma abin da ya riƙe su shi ne takin gida da ake ɗauka a mangala ko a amalanke kafin faɗuwar ruwa: kashin dabbobi, sharar tsakar gida da tokar murhu, duk a haɗe. Ga gero da dawa wannan abinci ne. Ga iksora kuwa tokar da ke ciki ita ce illa.

Dalili shi ne tana son ƙasa mai ɗan tsami. A ma'aunin da masana suke kira pH, 7 ne tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Iksora tana jin daɗi tsakanin 5 da 6. Tokar itace takan haura 10. Ƙasar jigawa ta gonakinmu yawanci tana da ɗan tsaminta daidai gwargwado, amma ƙasar tsakar gida, wadda ta shekara da shekaru tana shan toka da ruwan wanki da ruwan kanwa, ta riga ta juye. A irin wannan ƙasa sinadarin ƙarfe yana nan, amma ya daskare yadda saiwa ba za ta iya zuƙarsa ba. Ba tare da shi ba kuwa ganye ba ya iya yin korensa.

Alamar ba ta ɓuya: sabon ganye na kan reshe ya fito rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suke kore. In abin ya yi nisa ganyen ya zama fari-fari, ya ƙanƙance, toho ya bushe kafin ya buɗe. Wasu sukan binne tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a gindin. Wahalar banza ce, domin ba ƙarfe ne babu ba, hanyar shigarsa ce a toshe.

Siminti ma haka yake yi, shi da farar ƙasa. Gidajen da aka gina da bulo, magina sukan binne ragowar kwaɓi da fasassun bulo a gindin bango, ruwan sama kuma yana wanke filasta ya tsiyayo wurin. A bar tazarar taku ɗaya babba tsakanin dashen da bangon siminti. Katangar ƙasa ba ta da wannan matsala.

Don haka wanda yake son iksora ya yi mata takinta daban. A haƙa ɗan rami a gefe, a riƙa zuba busasshen ganyen mangwaro ko na ɗorawa, da ɓawon gyaɗa, da kashin shanu kaɗan, ana yayyafa ruwa, ba a sa toka ko ɗis. In ya kwana damina guda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu, ya isa. Kashin kajin gona a bar wa masara: yana da zafi, na masu ƙwai kuma yana ɗauke da sinadarin ɓawon ƙwai da ake zuba musu a abinci, wanda shi ma yake kashe tsamin ƙasa.

Saye da dasawa

Akwai mai manyan ganye wadda takan kai ƙirjin mutum ko ta fi, akwai kuma 'yar gajeruwa mai ƙananan ganye da ake jerawa a bakin hanya. Launi akwai ja, rawaya, ruwan hoda da ruwan goro. A ganina mai farawa ya ɗauki jar nan mai manyan ganye. Ta fi jure wahala. Kada fure ya ruɗe ka. Ka zaɓi mai rassa uku ko huɗu daga gindi, sabon ganyenta kore, ko da ba ta da fure ko ɗaya. Ka juya ledar ka duba: in saiwa ta huda ta kama ƙasa an fizgo ta, bar ta. A mota a rufe ta da buhu, iskar hanya daga Kano zuwa Bichi kaɗai ta isa ta yanƙwanar da ita.

Lokacin dashe shi ne bayan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ta samu wata biyu zuwa uku tana kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Ruwan farko na Mayu ba abin dogara ba ne, dashen Oktoba kuma hunturu yakan riske shi bai tsaya da ƙafarsa ba.

A haƙa rami mai faɗin kamu ɗaya da ɗan ɗori, wajen santimita 60, zurfi kamar 40. Kafin a yi komai a cika shi da ruwa da yamma. In da safe ruwan yana nan, wurin laka ne, marka za ta ruɓar da saiwa. Sai a sake wuri ko a ɗaga ƙasar a yi tudu kamar taƙi ɗaya. Ƙasar da aka fitar daga ramin, in ta tsakar gida ce, a kwashe ta. A kawo ƙasar saman gona kashi biyu, a haɗa da ruɓaɓɓen takin nan kashi ɗaya. In ƙasar tana da danƙo a ƙara yashi. Da la'asar ake dashe. A yanka ledar da reza, kada a fasa curin ƙasar, a zaunar da shi yadda samansa zai yi daidai da bakin rami. Binne wuyan itaciya yana kashe ta sannu a hankali. A danna da hannu, a ba ta ruwa ta ƙoshi. In jeri za a yi, a bar taku ɗaya tsakanin manya, rabin haka tsakanin gajeru.

Kada a dasa daidai ƙarƙashin indararo, kada kuma a bakin makwararar banɗaki. Wurin da aka saba shuka tumatir ko kuɓewa shi ma a kauce masa, musamman in an taɓa tuge su an ga ƙulle-ƙulle a saiwa. Masu noman rani a dam ɗin Watari sun san wannan cuta. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, sun fi son ƙasa mai yashi, kuma suna kama iksora.

A tsohon gida wanda kakanni suka girka tuwo a kowane lungunsa, ni dai tukunya nake ba da shawara. Tsohuwar randa da ta tsage ta wadatar: a huda gindinta, a sa 'yan tsingaro a kan hudar, a cika da haɗin ƙasar. Ƙasar da aka zuba ita kaɗai saiwa za ta taɓa, kuma ana iya jan randar zuwa inuwa in bazara ta yi tsanani. Bokitin roba yana ɗaukar zafi ya dafa saiwa.

Ruwa

Saiwar iksora a sama-sama take, ba ta jure bushewa, ba ta kuma son kwanciyar ruwa. A tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi a bari, in babu a zuba. A bazara sabon dashe yakan sha buta biyu kullum, da sassafe. Da hunturu girma yana tsayawa, sai a koma bayan kwana biyu ko uku. Da marka ba a ba ta komai.

Irin ruwan ya fi yawansa muhimmanci. Na sama ya fi kowanne, wanda yake da duro ya tara. Na dam ɗin Watari da magudanansa shi ma asalinsa ruwan sama ne da ya taru, yawanci ba shi da nauyi. Rijiya da burtsatse kuwa sai an duba: in ruwan yana da zartsi, ko sabulu ba ya kumfa da shi, ko yana barin farin ɓawo a cikin tukunyar da ake tafasa shi, to a hankali zai juya ƙasar kamar yadda toka take yi. Wanda ba shi da wani ruwa sai wannan, sau ɗaya a wata ya kwarara mai yawa a gindin, don ya wanke gishirin da ya taru ya yi ƙasa da shi. Ruwan alwala yana da kyau ƙwarai, kuma dasa ta kusa da inda ake alwala ya rage wa yara aiki. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa kada ya kusance ta.

Dabarar da ta fi tsimin ruwa ita ce binne tulu. A samo ƙaramin tulun ƙasa, a binne shi har wuya kamar taƙi ɗaya daga gindin, a cika, a rufe bakin saboda sauro. Ruwa zai riƙa tsatsafowa ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasa. Sannan a lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa mai kaurin yatsa uku, amma a bar ɗan fili kewaye da karan, saboda gara. Kaji za su zo tono. 'Yan rassan ƙaya a kai sun ishe su. Da hunturu ƙura takan rufe ganye, sai a riƙa wanke shi da yayyafi sau ɗaya a mako, da hantsi, ba da dare ba.

Karanta ganye

In sabon ganye ya yi rawaya mai koren jijiya, a samo farar wuta, a daka ta lukui, a barbaɗa cokali ɗaya zuwa biyu kewaye da gindi, a cakuɗa da ƙasar sama, a yi ban ruwa. Ba ta aiki nan take; ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ne suke juya ta ta zama tsami, abin yakan ɗauki watanni, kuma sai da danshi. Kada a ƙara kafin wata uku. Wanda yake son ganin sauyi da wuri ya tambayi sinadarin ƙarfe na fesawa a ganye a shagunan magungunan gona, ya bi awon da ke jikin kwalin, ya fesa da yamma. Wannan yana gyara ganyen da ya taɓa ne kawai, ƙasar tana nan yadda take.

In tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, ko yunwa ce ko ruwa ya yi yawa. Yatsa zai raba gardama. In yunwa ce, murfin kwalba ɗaya na NPK 15-15-15 ya isa ƙaramar itaciya, a binne shi nesa da kara, sau ɗaya a farkon damina, sau ɗaya a Agusta. Ba a sa takin zamani da hunturu ko a busasshiyar ƙasa. Bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa: rana ce ko iska ko gishiri. Jajayen ɗige-ɗige a tsofaffin ganye lokacin sanyi kuwa ba cuta ce ta feshi ba, ƙarancin abinci ne da sanyi ya fito da shi.

Wani lokaci ganye yakan yi danƙo, ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, tururuwa suna hawa da sauka. A juya bayan ganyen, za a ga darɓa ko wasu fararen ƙwari masu kama da auduga. Su ne suke tsotsar ruwan itaciyar suna fitar da zaƙi, baƙin kuma a kan zaƙin yake tsirowa. A nan darbejiya take biyan bashinta: a ɓare busassun 'ya'yanta, a daka ƙwayar kamar giram 50, wato cikin tafin hannu, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda.

Aski da yaɗawa

A kan sabon reshe iksora take fure, can a ƙarshensa. Shi ya sa waɗanda ake yi wa aski da almakashi duk wata a harabar ofisoshi da otal-otal, a daidaita su tamkar akwati, ba su cika fure ba: duk tohon da zai zama fure an datse shi. A gida a bar ta da siffarta. Curin da ya gama ya bushe a yanke shi daga saman ganye biyun da ke ƙarƙashinsa, wurin zai fitar da rassa biyu. Babban aski sau ɗaya ne a shekara, farkon damina, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na itaciyar. Da wuƙa mai kaifi ake yi, ba da adda ba.

Wanda iksorarsa ta shekara biyu ba ya buƙatar sake saye. Cikin Yuli ko Agusta a yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda ya fara ƙwari amma bai zama itace ba. A yanke daidai ƙarƙashin gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a bar biyu ko huɗu a sama, a rage su rabi da reza. A soka cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, a jiƙa, a kifa farar leda a kai don ta riƙe laima, a ajiye a inuwa sosai. Saiwa takan fito cikin mako shida zuwa takwas. Ba duka suke kamawa ba, don haka a yi goma in ana son biyar. Waɗanda suka kama a bar su a ledarsu su yi hunturu da bazara a lungu mai kariya, a dasa su damina mai zuwa.

Akwai hanyar da ta fi tabbas, ko da yake ɗai-ɗai take bayarwa. A zaɓi reshe mai kaurin fensir a jikin uwar, a ɓare masa ɓawo zagaye mai faɗin yatsa, a kankare santsin, a dunƙula jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen ganye a wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Bayan kamar wata biyu, in an hango fararen saiwoyi ta cikin ledar, a yanke reshen daga ƙasan ɗaurin a sa a tukunya.

Masu sayar da fulawa wani lokaci sukan tallata wata 'yar uwarta mai farin fure mai ƙamshi, gadeniya, wadda asalinta daga Sin ne da maƙwabtanta. Dangi ɗaya suke da iksora, haka kuma da gauɗen dajinmu, da tafashiya da giyayya. Gauɗe ya saba da rana da fari, ba ruwansa da gata. Gadeniyar lambu kuwa duk abin da aka faɗa a sama tana buƙatarsa ninki biyu, kuma busasshiyar iska kaɗan takan sa ta zubar da toho kafin ya buɗe. A bari sai iksora ta ƙetare bazara biyu da koren ganye a wurin kafin a gwada ta.